Daidaita Agogon Na'urorin Sadarwa: Ginshiƙin Cinikin Waya da Ba a Gani

Ɗan kasuwar da ke zaune a shagonsa a unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin birnin Gombe, wanda ke buga waya Kano don jin farashin kaya, ko yake karɓar kuɗi ta na'urar POS, ya dogara ne a kan wani al'amari da bai taɓa gani ba, watau daidaituwar agogon da ke cikin na'urorin sadarwa. Wannan agogo ba irin na bango ba ne mai nuna ƙarfe nawa. Bugu ne na lantarki, mai maimaita kansa sau miliyoyi a kowane sakan, wanda ke gaya wa na'ura lokacin aika saƙo da lokacin karɓarsa.

Misalin abin shi ne luguden mata a turmi guda. Muddin kowace ta san lokacin ɗaga taɓaryarta da lokacin saukewa, daka zai tafi lafiya. Da zarar ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, taɓare za su haɗu, hatsi ya zube. Haka lamarin yake a layukan tarho na zamani, inda ake yanka murya gunduwa-gunduwa a mai da ita lambobi. A tsarin layin E1, wanda Nijeriya ta bi kamar ƙasashen Turai, hira 30 ce ke tafiya a layi ɗaya, ana aika ƙunshin saƙo sau 8,000 a sakan guda. Idan agogon mai aikawa ya fi na mai karɓa sauri, wani ƙunshi zai salwanta. Idan kuma ya fi shi nawa, za a karanta ƙunshi ɗaya sau biyu. A hirar baki wannan ɗan ƙara ne kawai a kunne, amma a saƙon lambobi yakan tilasta sake aikawa, ko ya katse hulɗar baki ɗaya.

Saboda haka ne Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta kafa ƙa'ida mai lamba G.811, wadda ta ce kuskuren babban agogon kamfani kada ya wuce kashi ɗaya cikin biliyan 100. Agogo irin wannan sai ya yi fiye da shekara 3,000 kafin ya yi kuskuren sakan ɗaya. Da sinadarin siziyam ake yin sa, wanda tun 1967 duniya ta amince a riƙa auna sakan da kaɗawarsa sau 9,192,631,770. Daga wannan uban agogo ne bugun ke gangarowa mataki-mataki, ta igiyoyin faiba da na'urorin rediyo, har ya iso turken sadarwa na cikin unguwa.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, layukan kamfanin NITEL ne kaɗai abin dogaro, kuma tsirarun mutane ke da su. Sha'anin ya canza bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Ƙa'idar GSM ta tanadi cewa kuskuren turke kada ya wuce kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kwatankwacin sakan guda a cikin kwana 231. In ya zarce haka, wayar mai tafiya a mota daga Kumbiya-Kumbiya zuwa kasuwar Tudun Hatsi na iya yankewa a daidai lokacin da wani turke zai miƙa ta ga na gaba.

Tsarin 5G, wanda MTN ya ƙaddamar a Nijeriya a 2022, Airtel kuma a 2023, ya ƙara tsaurara sharaɗin. A nan aikawa da karɓa suna yin karɓa-karɓa ne a zango ɗaya, don haka saɓanin kowane turke da ainihin lokaci kada ya wuce kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na sakan. Kamfanoni kan samo wannan lokaci daga taurarin ɗan Adam na GPS mallakar Amurka, ko su aika shi ta faiba bisa ƙa'idar IEEE 1588. Dogaro da hanya guda yana da hatsari. A ranar 26 ga Janairu, 2016, kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan a saƙon GPS ya rikita na'urorin sadarwa a ƙasashe da dama, har ya taɓa rediyon dijital na BBC a Ingila.

A Nijeriya, barazanar da ta fi kusa ita ce yanke igiyoyin faiba wajen aikin hanya, da satar batura, da ɗaukewar wuta. Turken da ya rabu da uban agogo yakan ci gaba da aiki da ƙaramin agogonsa na ciki na wani lokaci, amma a hankali yake kaucewa. Don magance irin wannan ɓarna ne Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024.

Ba kowace matsalar POS ce ke da nasaba da agogo ba, domin cunkoso da na'urorin bankuna ma suna da nasu rabon, kamar yadda aka gani lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Duk da haka, ya kamata ɗan kasuwa ya mallaki layukan kamfanoni biyu, ya adana rasit, ya kuma tabbatar da matsayin ciniki kafin ya sake tura kuɗi. Haka kuma, sanar da hukuma idan an ga ana haƙa kusa da igiyoyin faiba, ko ana taɓa turken unguwa, kare dukiyar 'yan kasuwa ne da kansu.