Harshen Firinta: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Saka Direba

A ofisoshi da shagunan buga takardu, firintar leza kan yi ta fitar da shafuka cike da alamomi marasa ma'ana, takarda da tawada su tafi a banza. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar daga direba take, wato manhajar da ke mayar da abin da ke kan kwamfuta zuwa harshen da firinta ke ji.

Fitattun harsunan biyu ne. PCL na kamfanin HP ne, kuma da shi firintar LaserJet ta farko ta fito a 1984. Yana da sauri, ya dace da wasiƙu da rasidai, sai dai fasalin shafi kan ɗan sauya daga wata firinta zuwa wata.

PostScript kuwa kamfanin Adobe ne ya fitar da shi a 1984, ya kuma shahara da firintar LaserWriter ta Apple a 1985. Yana siffanta haruffa da zane ta hanyar lissafi, don haka shafi kan fito iri ɗaya a kowace na'ura mai jin sa. Shi ya sa maɗaba'u da masu zane suka fi son sa, duk da nauyinsa.

Wasu firintoci masu araha ba sa jin ko ɗaya. Sai da direbansu na musamman suke aiki.

Saboda haka, a duba lambar samfurin firinta, a sauke direban da ya dace da kwamfutar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, sannan a buga shafin gwaji kafin babban aiki.