Dariyar Cikin Akwati

'Yan'uwana ɗalibai, ko kun taɓa lura da dariyar nan da takan ɓarke cikin wasannin ban dariya na talabijin, alhali ba ku ga kowa yana yinta ba? Ni dai abin ya dame ni tun sa'ad da na kalli wani wasan Amurka mai suna M*A*S*H, wanda aka riƙa nunawa daga 1972 zuwa 1983. Labarin likitocin soja ne a yaƙin Koriya. Na ji ana yabonsa ƙwarai, amma da na zauna kallo sai raina ya ɓaci, gama da likita ya buɗe baki sai ka ji taron mutane sun tuntsire da dariya, ga shi kuwa a sansanin yaƙi ake. Su wane ne ke dariya a bakin daga?

Ashe ba kowa. Wani ma'aikacin sauti na kamfanin CBS, Charley Douglass, shi ne ya ƙera wani akwati a farkon shekarun 1950. A cikinsa akwai dariya iri iri da aka ɗauka a kan tef: ta maza, ta mata, da murmushi mai ɗan sauti, da ƙyalƙyatawa. Yana da madannai kamar na tafireta, da abin takawa da ƙafa domin a ja dariyar ko a katse ta. Yakan kulle shi da kwaɗo, kada wani ya ga cikinsa. Da fari gyara kurum ake yi da shi, watau in masu kallo na gaske ba su yi dariya sosai ba sai a ƙara musu. Daga baya aka ga ba lalle ne a tara masu kallon ba ma.

Dalilin masu wannan dabara shi ne, wai mutum ya fi saurin dariya in ya ji waɗansu suna yi. Wannan gaskiya ne. Amma mu da muke koyon aikin malanta mun san irin wannan amo. Malam ya ce, "Kun gane?" aji duka ya amsa, "E, Malam!" Yaron da bai gane ba shi ma ya amsa, yana tsammani shi kaɗai ne daƙiƙi. Haka akwatin nan yake yi wa mai kallo. Ba a bar shi ya auna maganar da kansa ba, an riga an faɗa masa inda zai yi dariya.

Masu shirya M*A*S*H kansu ba su so dariyar ba, kamfanin ne ya nace. Suka daidaita a kan ba za a sa ta ba sa'ad da likitoci suke ɗakin fiɗa. A Ingila kuwa, BBC ta nuna wasan ba tare da ita ba sam. Na sami irin wanda ba dariyar na sāke kallo, sai na ga barkwancin likitocin nan na mutanen da suka gaji ne, suna neman abin da zai hana su kuka.