Gajeren sunan kare da amfaninsa ga lafiyarmu

A ƙasashen Turawa, kamar Amurka da Ingila da Jamus, mutane da yawa suna raɗa wa karnukansu sunan mutum. Ɗaya daga cikin sunayen da suka fi yaɗuwa ga kare namiji shi ne Maks. Asalinsa daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Ma'anarsa "mafi girma". Har yau ana raɗa shi ga yara maza.

Dalili biyu suka sa suke son wannan suna. Na farko, a wurinsu kare ɗan gida ne, tare suke zama cikin ɗaki. Na biyu, sunan gajere ne. Kare bai san ma'anar suna ba, sautinsa kawai yake riƙewa. Suna mai gaɓa ɗaya ko biyu yana saurin shiga kunnensa, ko daga nesa aka kira.

A wurinmu al'ada dabam ce. Sa wa kare sunan mutum cin mutunci ne, yana iya haɗa maƙwabta faɗa. Mu launi ko hali muke dubawa, mu ce Duna ko Zaki. Wannan ya dace da mu. Abin koyi a nan shi ne gajarta, da kiran kare da suna ɗaya tun yana kwikwiyo.

Ina ruwan wannan da lafiya? Karen da ya san sunansa yana zuwa idan an kira shi. Ana iya kama shi a kai wa likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wanda bai saba da kira ba, gudu yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan dubu 59 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Yara suna da yawa cikinsu. Idan alamunsa suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tsira.

Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya jira.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kare yana tsaron gida da garke. Mu ba shi suna gajere, mu saba masa da kira, mu kai shi rigakafi. Ta haka za mu kare ƴaƴanmu.