Shirin Musamman: Cefane da Biyan Bashi a Albashi Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau za mu taɓo batun da magidanta da yawa ke kwana da shi a rai amma ba su cika son a yi shi a bainar jama'a ba: yadda za a riƙe gida, a ɗora tukunya, yara su tafi makaranta, ga kuma bashi a wuya ana biya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai na wasu ya yi nauyin da har barci yake hana su.

Ba sakaci ne kaɗai ya kawo mu nan ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san kafin ƙarin ya iso aljihu, farashi ya riga shi yin gaba. Mutane da yawa da ba su saba cin bashi ba, a wannan tsakanin suka fara.

Ga tambayar da nake so kowane mai sauraro ya yi wa kansa yanzu: nawa ake bin ka, gaba ɗaya, idan aka haɗa? Za ka yi mamakin yawan mutanen da ba za su iya amsawa ba. Sun san akwai na mai shagon unguwa, akwai wanda ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ke cirewa tun kafin albashi ya shigo, akwai na manhajar waya, akwai kuma na wani kawu da aka karɓa lokacin haihuwa. Amma jimlar, suna tsoron ganinta. Akwai ma bashin da ba a cika lissafawa da shi ba, wato adashi. Ranar da ka kwashi naka, duk zubin da ya rage maka ya zama bashi, domin kuɗin mutane ka karɓa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma rubuta shi ta yi umarni a yi. A samu littafi na naira ɗari biyu ko uku, a rubuta sunan mai bin bashi, nawa ne, yaushe aka yi alkawarin biya, kuma yana ƙaruwa ne ko yana nan yadda yake.

Sannan, kuma a ganina nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe, a nuna wa uwargida littafin. Na san akwai mazan da za su ce wannan zubar da girma ne. Amma ita ce mai auna shinkafa, ita ce mai sanin kwana nawa kwalbar manja ke yi, ita ce ake aiko wa da katin biki. Idan ba ta san halin da ake ciki ba, za ta ci gaba da girki da kashe kuɗi irin na gidan da babu bashi, shi kuma ya riƙa ɗaure fuska yana ganin almubazzaranci take yi. Ita ma in tana da nata, na dillaliya ko na atamfar da ta ɗauka biya kaɗan-kaɗan, ta fito da shi. Magana ce ta dare bayan yara sun kwanta: "Maigida, nawa ne duka?" "Ga shi nan, duba da kanki." Zaman ba ya da daɗi, amma daga shi ake fara samun mutum biyu suna jan abu ɗaya.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu ɗauki misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce ma'aikaci ne mai albashin naira 120,000. Ƙungiyar gama-kai ta cire 15,000, saura 105,000 suka shigo asusunsa. Manhajar waya na bin sa 24,000. Mai shago 18,000. Kawunsa 60,000. Ga zubin adashi na 10,000 duk wata, saura wata huɗu.

Wanne zai fara biya? Na manhaja, ba tare da wani dogon tunani ba. Dubi yadda irin wannan bashi yake: ka karɓi 20,000, bayan mako biyu a ce ka mayar da 24,000. Kashi 20 cikin ɗari ke nan a kwana goma sha huɗu, in ka makara kuma tara ta hau kai. Bashin kawu ko shekara ya yi yana nan 60,000, na manhaja kuwa kullum girma yake. Ga haramcin kuɗin ruwa ga Musulmi, ga kuma tozarci. Kowa ya ji labarin saƙonnin da wasu daga cikin waɗannan kamfanoni ke tura wa surukai da abokan aikin mutum suna kiran sa ɓarawo. Abin ya yi ƙamarin da a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas ta kuma tilasta musu yin rajista, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. Duk da haka ba a rasa masu kaucewa. Babban kuskuren da ake yi shi ne karɓo daga manhaja ta biyu don a rufe ta farko. Wanda ya fara haka, bayan wata uku manhaja biyar ke kiran sa.

To, a watan farko mutuminmu ya biya 24,000 ɗin nan ya goge manhajar daga wayarsa. Ya zuba adashi 10,000, ya rage wa mai shago 6,000. Saura 65,000 na gida. Wata na biyu ne ake gane mai niyya, domin 24,000 ɗin nan sun dawo hannunsa, zuciya kuma za ta ce a ɗan sarara. Kada a sarara. Naira 30,000 da ya ware wa bashi a watan farko su ci gaba da zama na bashi: 12,000 su kammala na mai shago, 18,000 su tafi wurin kawu. Wata na uku kawu ya karɓi 30,000, na huɗu ya karɓi cikon 12,000, adashi ma ya ƙare. A wata na biyar na ƙungiya kaɗai ya rage.

Ranar da albashi ya shigo ake fitar da kason bashi, kafin a taɓa komai. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai biya da abin da ya saura, babu abin da zai saura.

Na san wani yana jin mu yana cewa, ta yaya gida mai yara huɗu zai yi wata da naira 65,000? Da ƙyar, kuma wani gidan ba zai iya ba. Idan haka ne, a tsawaita na kawu zuwa wata takwas ko goma. Ba a biyan bashi da yunwar yara ko da kuɗin maganinsu. Abin da ake ragewa daban ne.

A farkon wata a sayi abin da ba ya lalacewa a dunƙule, masara, wake, shinkafa, mai, gishiri, a ajiye a gida, domin sayen gwangwani-gwangwani kullum ya fi sayen kwano tsada. Abin da ya rage na kayan miya da itace ko gawayi a raba shi huɗu, kowane mako da nasa, a damƙa wa uwargida. Mai ɗan hali ya tuna hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada a tsakiyar damina. Duk mai shiga kasuwar Dawanau a Kano ya san wannan. Amma kada a ci bashi mai ruwa don a tara buhu. Sai ƙananan ramuka da ba a gani: kuɗin data, cajin mai POS da ake biya sau goma a wata maimakon sau biyu, shayi da ƙwai a teburin mai shayi alhali an dama kunu a gida.

Anko kuwa, iyayenmu mata ku yi haƙuri, wanda ake bin gidansa bashi ba shi da hurumin ɗinka sabon kaya don bikin kwana ɗaya. A je biki da wanda ake da shi, a yi gudummawa daidai ƙarfi. Maza ma haka: layya tana kan mai hali ne, kuma kuɗin haya, kuɗin makaranta na Satumba da kayan Sallah ba baƙi ba ne da za a ce sun zo ba zato. Ko naira 2,000 ce a riƙa jefawa a asusu duk wata dominsu, don kada su sake mayar da mutum wurin rance.

Saura batun masu bin bashin da suke mutanenka. Abin da ke ɓata zumunci ba jinkirin ba ne, ɓuyan ne: kashe waya, sauya hanya, ƙin zuwa ɗaurin aure don kada a haɗu. Ka taka da ƙafarka ka je. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, ban manta ba. Wannan watan ba zan iya ba, amma daga wata mai zuwa in sha Allahu zan riƙa kawo abin da ya samu, ga yadda na tsara." Da wuya dattijo ya ji haka ya ƙi. Ku kuma masu bin bashi, aya ta 280 a wannan sura ta Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Wanda bashi ya yi wa katutu har ya rasa mafita yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka, don haka masu fitar da zakka da hukumomi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano su riƙa tunawa da su, ko da sun sa riga mai guga.

Idan kuma ana cikin biya rashin lafiya ta faɗo tsarin ya wargaje, a sanar da mai bin bashi kafin ranar alkawari ta zo, a buɗe littafin, a sake rubuta sababbin ranaku.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)