Me ya sa dubban mutane ke kewar duniyar da babu ita a taswira?

A ranar 10 ga Afrilun 2016, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka taru domin yin bankwana a wani gari da babu shi a kowace taswira. Kowannensu yana gaban kwamfutarsa ne a ɗakinsa. Garin yana cikin wasan World of Warcraft, kuma a daren ne za a rufe Nostalrius, wata saba (na'urar da ke ɗauke da wasa a intanet) da wasu masoya wasan suka kafa a Faransa ba da izinin masu shi ba. Mutum kusan 800,000 ne suka yi rajista a kanta cikin shekara ɗaya da 'yan makonni, saboda dalili guda: ta dawo musu da wasan kamar yadda yake a farkon fitowarsa. Kamfanin Blizzard na Amurka, mai wasan, ya aika da takardar lauya, aka rufe ta. Sama da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar koke.

Wanda bai san harkar ba zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Amma abin da masu koken suke nema ya fi ƙarfin wasa.

An fitar da World of Warcraft a Nuwamban 2004. Mutum yakan biya kimanin dala 15 a wata, ya ƙirƙiri jarumi, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a: mayaƙi, ko matsafi, ko maharbi, ko mai warkar da raunuka. Daga nan sai ya shiga wata ƙirƙirarriyar duniya mai suna Azeroth, mai birane da dazuzzuka da kasuwanni, inda rundunoni biyu ke gaba da juna. Duk jarumin da ya ci karo da shi a hanya, in ban da dodanni da 'yan tsaron gari, mutum ne mai rai a wani gefen duniya. A 2010 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 12.

Wasan farko yana da wuya, kuma wuyar ce ta haifi zumunci. Kai wa mataki na 60, wanda shi ne ƙololuwa a lokacin, kan ci watanni. Shiga kogon dodanni sai da mutum biyar, kuma babu mai haɗa maka su: sai ka tsaya a tsakiyar birni kana cigiya, wani lokaci awa guda, sannan ku taka zuwa bakin kogon. Manyan dodanni kuwa sai mutum 40 sun haɗu a lokaci ɗaya, kowa ya san aikinsa, dare biyu ko uku a mako. Wannan ya tilasta kafa ƙungiyoyi masu shugaba da dokoki da tsarin rabon ganima. Kowace saba kuma tamkar unguwa take, mutanenta 'yan dubbai ne, fuskokin da ka gani jiya su za ka gani gobe. Wanda ya cuci abokan tafiyarsa a rabo, sunansa ya ɓaci ke nan, ba mai sake ɗaukarsa. Ɗan kasuwa zai gane wannan tsari nan take, domin haka amana ke aiki a layin da kowa ya san kowa.

A cikin jira ne hirar take faruwa. Ana jiran wani ya gama cin abinci, sai a ji wancan matarsa ta haihu, wannan an kore shi daga aiki, wani kuma gobe yake da jarrabawa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Constance Steinkuehler da Dmitri Williams, sun kira irin waɗannan wasanni "wuri na uku", wato inda ba gida ba kuma ba wurin aiki ba, inda ake zuwa don a ga mutane kawai. Bahaushe yana da sunan wannan wuri tun tuni: majalisa.

Akwai kuma wani rukuni da ya fi kowa nitso. Kamfanin ya ware wasu sabobi, irin su Argent Dawn da Moon Guard, ga masu son su zama jaruman nasu ɗungurungum. A can mutum yakan rubuta wa jaruminsa tarihi, iyaye, tabo da buri, kuma idan ya yi magana da bakin jarumin yake yi. Kamar wasan kwaikwayo ne marar rubutaccen labari kuma marar 'yan kallo, wanda ake ci gaba da shi shekara da shekaru. Ana ɗaura aure, ana zaman kotu, ana zaman makoki. Mutum biyu za su iya shafe shekara bakwai suna saƙa labari ɗaya, kowa ya san halin ɗan'uwansa ciki da bai, alhali ba wanda ya san sunan yanka na wani.

Nan ne raunin irin wannan abota yake. An gina ta a kan laƙabi, babu adireshi, babu lambar waya, babu dangin da za a tambaya. Ba kasafai ake rabuwa da faɗa ba. Yau mutum bai shigo ba, gobe ma haka, sai mako ya zama wata. A jerin sunayen 'yan ƙungiya, wasan yakan nuna tsawon lokacin da kowa ya yi bai leƙo ba, kuma tsofaffin 'yan wasa sun san zafin ganin an rubuta shekaru a gaban sunan aminin da suka yi sallama da shi da "sai gobe". Ko aure ya yi, ko kuɗi ya yanke masa, ko ya mutu, babu hanyar sani. Duk wanda a nan gida ya yi abokai a 2go, ko ya tara lambobin BBM kafin a rufe manhajar a Mayun 2019, ya ɗanɗana kaɗan daga wannan.

Labarin Mats Steen na ƙasar Norway ya nuna abin da ke ɓoye a bayan irin wannan shiru. An haife shi a 1989 da cutar Duchenne mai shanye tsoka, ya rasu a Nuwamban 2014 yana da shekara 25. Iyayensa sun yi zaton ya rayu ne a kaɗaice, a keken guragu, gaban kwamfuta. Da yake ya bar musu kalmar sirrin shafinsa na intanet, sai suka rubuta sanarwar rasuwarsa a can. Saƙonni suka yi ta shigowa daga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba. Ashe a Azeroth shi ne Ibelin, mai binciken sirri a wata ƙungiyar masu kwaikwayo da ake kira Starlight, mutumin da ake kai wa kuka ya ba da shawara. Yawancinsu sun daɗe ba su san yana da lalura ba. Wasu suka taso daga Holand da Ingila da Finland da Denmak zuwa Oslo domin jana'izarsa. A 2024 an fitar da fim a kan rayuwarsa, an kuma kafa masa dutsen tunawa a cikin wasan. Da babu kalmar sirrin nan, da shi ma ya zama suna ɗaya cikin jerin waɗanda suka daina shigowa.

Kamfanin ma yana da hannu a watsewar majalisar, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi. A Disamban 2009 ya kawo na'urar haɗa tawaga: ka danna maɓalli, ta haɗa ka da baƙi huɗu daga wasu sabobi, ta jefa ku cikin kogon, ku gama cikin rabin awa ku watse, sau da yawa ba wanda ya ce wa wani uffan. A Disamban 2010 sabon babin wasan mai suna Cataclysm ya sauya fasalin tsohuwar ƙasar baki ɗaya, wuraren da mutane suka fara haɗuwa suka shafe. Ga mai aiki da iyali wanda awa ɗaya kacal yake da ita, sauƙin nan alheri ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai da aka daina buƙatar maƙwabci, sai aka daina sanin sunansa. Zuwa 2015 masu biya sun ragu zuwa miliyan 5.5, kamfanin ya daina bayyana adadin.

A taron kamfanin na 2013, wani ya tambaya ko za a dawo da tsohon wasan. J. Allen Brack, ɗaya daga cikin shugabannin aikin, ya amsa da cewa suna zaton suna so ne, amma ba sa so. An daɗe ana yi masa gori da wannan magana, musamman da ya kasance shi ne ya hau dandamali a 2017 ya sanar da cewa za a dawo da shi. A ƙarshen Agustan 2019 aka buɗe World of Warcraft Classic. Cunkoso ya kai mutane suna jiran sa'o'i kafin su shiga, a wasu wuraren ma jarumai suka yi layi, ɗaya bayan ɗaya, suna jiran dodo ya sake fitowa. Kamfanin ya buɗe wurin cigiya na musamman, inda mutum zai rubuta sunan tsohuwar sabarsa da laƙabinsa na 2005, ko wani zai gane shi. Wasu sun dace. Da yawa sun rubuta, ba wanda ya amsa.

A ganina Brack ya yi kuskure a rabin maganarsa ne kawai. Mutane sun so wasan, sun kuma biya. Amma itatuwa da duwatsu ne aka iya dawowa da su. Ɗalibin da yake da dare sukutum a 2005 yanzu yana da 'ya'ya da ofis da ƙarfe takwas na safe. Rashin sani ma, wanda shi ne ke sa a tsaya a tambayi wani hanya, ya ƙare, domin an rubuta kowane sirri na wasan a intanet. Ragnaros, babban dodon wuta na kogon Molten Core, ya gagari duniya kusan wata biyar a karon farko. A 2019 wata ƙungiya ta kayar da shi kafin mako ya cika da buɗe wasan.