Yaushe ya kamata a sauya bel ɗin taimin a motar da ba ta yawan tafiya?

Masu motoci da dama na ganin cewa muddin mota ba ta yi tafiya mai yawa ba, to babu dalilin kashe kuɗi wajen sauya bel ɗin taimin. Sai dai ba haka kamfanonin ƙera motoci ke lissafi ba.

A littafin da ke zuwa da mota, galibi akan ba da wa'adi iri biyu, wato adadin kilomita da kuma adadin shekaru, kana a ce a yi aiki da duk wanda ya riga cika.

Alal misali, ga motocin Honda Accord ƙirar 1998 zuwa 2002 da aka sayar a Amurka, kamfanin ya ce a sauya bel ɗin bayan kilomita 168,000 ko shekara 7. Ke nan motar da ta shekara 7 tana zuwa ofis da kasuwa kawai ta cika wa'adi, ko da ba ta yi rabin wannan tafiya ba.

Me ya sa shekaru ke da muhimmanci?

Shi dai wannan bel na roba ne mai haƙora, kuma yana ɓoye a cikin murfi a jikin inji, saɓanin fambel da ake gani da an buɗe bonet. Aikinsa shi ne haɗa karanshaf da kamshaf, ta yadda bawul za su riƙa buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistan.

Roba kuwa tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Zafi na busar da ita, man inji da ke yoyo yana cinye ta, har haƙoran su kai ga zubewa.

Honda ma ta yi gargaɗin cewa inda zafi ke yawan wuce digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, a sauya bel ɗin tun a kilomita 100,000. Wannan batu ya shafi direbobi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan kai wannan mataki.

Haka kuma mitar mota nisan tafiya kawai take ƙirgawa. Sa'o'in da inji ya shafe yana aiki a cunkoson ababen hawa ba sa shiga lissafinta, alhali bel ɗin bai daina juyawa ba.

Idan ya tsinke fa?

A nan ne injuna suka rabu gida biyu. A wasu, kamar injin lita 2.2 na Toyota Camry ƙirar 1997 zuwa 2001, mota za ta mutu ne kawai, a ja ta zuwa gareji a sa sabon bel.

A wasu kuma, ciki har da na waccan Accord, fistan zai daki bawul ɗin da suka tsaya a buɗe ya lanƙwasa su. Daga nan sai an sauke kan inji, wani lokaci ma sai an sayi wani injin, kuɗin da ya ninka na bel sau da yawa. Mai irin wannan inji ba shi da hujjar jinkiri.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, sau da yawa bel ɗin ba ya ba da wata alama kafin ya tsinke. Bakanike na iya buɗe murfi ya duba, idan ya ga tsaga ko danshin mai ya ce a sauya, amma rashin ganinsu ba shaidar lafiya ba ce, domin zaren da ke riƙe da ƙarfin bel ɗin a ciki yake.

Motar hannu

Ga wanda ya sayi tokumbo, matsalar ita ce rashin sanin tarihi. Lambar da ke kan mita ba abin dogaro ba ce, tun da ana iya mayar da ita baya, kuma maganar dillali ba rasit ba ce. Idan babu takardar da ta nuna ranar da aka sauya bel, ya fi a ɗauka ba a taɓa sauya shi ba.

Amma kafin nan, a tabbatar motar bel gare ta. Camry mai silinda 4 ta koma amfani da sarƙar ƙarfe daga ƙirar 2002, Accord mai silinda 4 kuma daga 2003, ita kuwa sarƙa ba a ƙayyade mata irin wannan wa'adi.

A injunan da bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, akan sauya famfon da bori-borin da ke ɗaure bel ɗin a lokaci guda, domin idan ɗayansu ya cije, sabon bel ma ba zai tsira ba. Bayan an gama, sai a rubuta kwanan wata da kilomita a liƙa a jikin murfin.