Abin da Ya Fita Daga Jirgi, Randa Zai Koma

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da sassafe ya san aikin farko na masunci. Kafin ya ɗauki filafili, sai ya duƙa da ƙwarya ko yankakkiyar jarka ya kwashe ruwan da ya kwana a cikin kwale-kwale, ya watsa shi waje. Ruwan nan ba shi kaɗai yake fita ba. Akwai ɓawon kifin jiya da majinarsa, akwai ɓurɓushin kwaltar da aka liƙe tsagar katako da ita, in kuma jirgin mai inji ne, akwai fetur da baƙin mai. Jim kaɗan sai ka ga wani maiƙo mai launin bakan gizo ya shimfiɗu a kan ruwa.

Manyan jiragen teku ma haka suke yi, sai dai nasu da tan ake aunawa. Ruwa mai mai yana taruwa a ƙasan ɗakin inji. Ga na banɗaki, ga na wanka da wanke-wanke. Ga kuma wanda jirgi ke ɗiba don daidaita nauyinsa, ya je ya juye a wata nahiya da duk halittun da ke ciki. Ta wannan hanya ce wata ƙaramar ƙumba daga yankin Baƙin Teku ta isa manyan tafkunan Amurka da Kanada, aka gano ta a 1988, ta yi ta toshe bututun ruwan birane.

Bayan da jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila a 1967, duniya ta farga. Aka ƙulla yarjejeniyar MARPOL a 1973, aka gyara ta a 1978. Ta hana zubar da ruwan ɗakin inji idan man da ke ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan, ta kuma hana zubar da ɗanyen ruwan banɗaki sai jirgi ya yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 22. A Najeriya hukumar NIMASA ke kula da wannan a teku, NIWA mai hedikwata a Lakwaja kuma ke kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa.

To, dubi wannan mil 12 da kyau. Dabarar ita ce a kai ƙazanta nesa, faɗin teku ya cinye ta. Mu a nan ba mu da wannan nisan. Madatsar Zobe da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, komai girmanta ruwa ne tsayayye, kuma da rani ja da baya yake yi. Rana na shanye ruwan, amma ba ta shanye dattin. Daga nan masuntan Garhi da Makera ke kamo karfasa da tarwaɗa, a nan shanu ke sha, a nan masu noman rani ke zura tiyo. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe a 2021, maganar ta wuce ta mutanen bakin ruwa. Ta shafi magidancin Dutsin-Ma, ta shafi na Kurfi da ke kan hanyar Katsina, ta shafi duk wanda ya sayi soyayyen kifi a tasha.

Mai ba ya narkewa a ruwa. Yana yin fata a sama ya rage iskar da ke shiga, ya manne a ƙwai da 'ya'yan kifi a gefe-gefe inda suke ƙyanƙyasa. Tsohon injin da ake gauraya masa fetur da baƙin mai ba ya ƙone man duka, wani kaso yana fita ɗanye ta salansa. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa ya fi sabo illa, domin ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe. Injin ban-ruwa da aka girke a gaɓa yana ɗiga, laifinsa ɗaya da na jirgi.

Amma ƙazantar da ta fi kusa da mu daga jikin mutum take fitowa. Wanda ya wuni a tsakiyar ruwa ba shi da makewayi. Idan mai tsargiya ya yi fitsari a ciki, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ya zo iyo. Bayan gida kuma shi ke ɗauke da kwalara da taifot. Matatar ruwa na iya kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo, amma matar da ta ɗiba kai tsaye daga gaɓa ba ta bi ta matata ba.

Abin mamaki, dokar da muke buƙata mun daɗe da ita. Hadisi ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma ɗalibin fiƙihu ya san ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza da najasa ba ya tsarki. Saura aiki: makewayi a kowace mashigar jirgi, duro ɗaya na tara mataccen mai, gyaran inji a tudu nesa da ruwa, da Sarkin Ruwa wanda in ya hana an hanu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da masana kifi da ruwa da za su riƙa auna shi suna faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa.

Matuƙin jirgin teku yana zubarwa ya wuce, ƙila ba zai sake ganin wurin ba har abada. Masuncin Zobe kuwa gobe da asuba a nan zai duƙa ya kamfata ya yi alwala.